Katifa Mai Giya Biyar

A gidan rediyon kowa Salansa yake kiransa, har manaja. Baiwa ce Allah ya yi masa: da bakinsa kawai yakan tayar da injin mota, ya sa giya, ya taka birki, har mai sauraro ya waiwaya ya ga ko za a buge shi. Shekara da shekaru shi ne muryar kamfanin harhaɗa motoci da ke bayan gari. Kafin labarai shi, bayan labarai shi. Shi kansa a keke yake zuwa aiki, in an tsokane shi sai ya ce mai sayar da turare ba lallai ne ya yi wanka da shi ba.

Tallan kamfanin nan shi ne ginshiƙin gidan rediyon. Daga shi ake biyan albashi, a sayi man janareta, a sa madara a shayin ofis. To, sai kasuwar mota ta fara tangal-tangal. Mutane suka koma lallaɓa tsofaffin da suke da su, sababbi kuma suka yi ta taruwa a filin kamfani, sahu-sahu, rana na dukansu, tsuntsaye na yi musu ado. Kamfani ya sallami rabin ma'aikata, ciki har da ƙanin matar Salansa. Daga nan aka bugo waya gidan rediyo aka ce a dakatar da talla na ɗan lokaci.

Madara ce ta fara ɓacewa daga shayi, sukari ya bi ta. Ranar da aka kawo ruwan zafi zalla, manaja ya kira taro.

"Daga yau kowa ɗan neman talla ne," in ji shi. "Wanda ya kawo ya zauna. Wanda bai kawo ba, ƙofa a buɗe take."

Salansa ya hau kekensa ya shiga gari yana ganin abin mai sauƙi ne, tunda babu kunnen da bai san muryarsa ba. Mai sayar da taya ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa shi ya yi kukan babbar mota tana hawan tudu, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya nuna masa tayoyin da ƙura ta rufe. Mai fenti ya ce shi ma da kamfanin yake ci. Matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani ta ce in yana da wanda zai sayi tukwanenta, to ya yi mata tallansu.

Da ya koma gida ya tarar da ƙanin matarsa a miƙe a kan doguwar kujerar falo, inda ya tare tun ranar da aka sallame shi.

"Yaya, an dace?" in ji shi, ko tashi bai yi ba.

"An dace da rana," in ji Salansa.

Matarsa ta ajiye masa ruwa ta ce, "Baban yara, ka daina bin masu abin da ke tafiya. Garin nan yanzu kowa kwance yake. Ka nemi mai abin kwanciya."

Da wasa ta faɗa, amma washegari ya nufi shagon wani dattijo mai sayar da katifu a bakin kasuwa. Dattijon ya yi ta jan rai, daga ƙarshe ya yarda da talla na mako guda, da sharaɗin a faɗi abu biyu kawai: soson na da kauri, farashin na da sauƙi.

Gidan rediyon ya riga ya sallami mai naɗar murya, saboda haka dole tallan ya fita kai tsaye. Salansa ya zauna gaban makirufo, jar fitila ta kama, ya buɗe baki. Sabo turken wawa. Abin da ya fito shi ne, "Jama'a, ga sabuwar katifa, ba ta shan mai."

Ta cikin gilashi ya ga manaja ya dafe kai. Komawa baya ba ta yiwuwa, sai ya ƙara wuta.

"Ba ta jijjiga, ba ta zafi, ba ta neman makaniki. Giya biyar gare ta: gyangyaɗi, barci, minshari, mafarki, sai ta biyar, makara. Ku garzaya bakin kasuwa. Gwaji kyauta ne, ku hau ku ji da kanku."

Wannan na ƙarshe shi ne yadda yake rufe kowane tallan mota. Ya ja injin da leɓɓansa a hankali, har ya rikiɗe ya zama minshari.

Kwana biyu bayan nan dattijon ya zo gidan rediyo da kansa, ya kama hannun rigar Salansa, bai saki ba sai a ƙofar shagonsa.

"Duba aikinka," in ji shi.

Shagon cike yake maƙil. A kan kowace katifa akwai ƙato a kwance, wasu bibbiyu, takalma a jere a bakin ƙofa. Duk tsofaffin ma'aikatan kamfanin mota ne. A gida matansu sun gaji da ganinsu, a nan kuwa ga fanka, ga inuwa, ga soso mai kauri. Ƙanin matarsa na can kan mafi tsada, ya yi matashi da hannuwansa.

"Tun safe suke zuwa," in ji dattijon. "Ka ce su hau su gwada, ba ka ce su sauka ba. Na taɓa wancan, ya ce in bari ya kai giya ta huɗu kafin ya yanke shawara."

"Ko ɗaya ba a saya ba, Baba?"

"Mutum ɗaya ya tambayi farashi, da na faɗa masa sai ya juya ya ba ni baya."

Salansa ya yi sallama, ya tafa hannu, ya roƙa. Babu wanda ya motsa. Sai ya cika ƙirjinsa da iska, ya dunƙule hannu a baki, ya busa jiniyar shiga aiki ta kamfanin, da irin shaƙewar da take yi a ƙarshe.

Kafin ya sauke hannu kowa ya miƙe tsaye. Wani na laluben hular kwano a kansa, wani ya zura takalmin da ba nasa ba, wani har ya kai bakin titi da gudu. A nan ya tsaya. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna an sallame su. Wani mai furfura a cikinsu ya gyara ledar katifar da ya kwanta a kai, ya shafe ta da tafin hannu, ya ce wa dattijon, "Kayanka na da kyau, malam. In an kira mu, zan dawo." Suka fita a hankali.

Dattijon ya janye tallansa a ranar. Ƙarshen wata manaja ya kira Salansa ofis, ya yi ta kame-kame a kan halin da ake ciki, har Salansa ya tausaya masa ya ƙarasa masa maganar da kansa.

Amma ranar jiniyar nan akwai wani mutum a shagon da ya zo sayen katifa da gaske, ya rasa inda zai taka. Shugaban direbobin babbar tasha ne. Shi ya aiko aka nemo Salansa.

"Muryar da ta tayar da waɗancan," in ji shi, "za ta iya cika mota."

Yanzu a tasha yake, a kan benci, da lasifika a hannu, yana kiran fasinja. Abin da yake samu bai kai na da ba, kuma yakan koma gida murya a dishe. Motocin duk tsofaffi ne, tunda babu mai sayen sabuwa, saboda haka gyara ba ya ƙarewa. Ya yi wa ƙanin matarsa hanya, wanda a kamfani aikinsa ɗaura ƙofofin mota ne, aka ba shi gefen rumfar makanikai. Kujerar falo ta huta.

Wata safiya wata tsohuwa da jaka a hannu ta tsaya gaban wata bas da Salansa ke ta kambamawa. Ta dubi tayoyin, ta dubi hayaƙin, ta dubi gilashin da aka liƙe da salatif.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, motar nan za ta kai?"

Salansa ya sauke lasifikar, shi ma ya ƙare wa motar kallo.

"Inna, inji dai ban san halinsa ba," in ji shi. "Amma ƙofar, ƙanin matata ne ya ɗaura ta jiya. Ita kam za ta kai."

Tsohuwar ta yi ɗan tunani, ta miƙa masa jakar, ta ce a ba ta kujerar da ke kusa da ƙofar.