Dubu Goma da Ɗaya

Har yau in na ga lamba 10,001 sai raina ya ɓaci, kuma Malam Labaran ne ya ja mani.

Gasar lissafi aka shirya a Safana tsakanin makarantun sakandaren yankinmu, wanda ya ci shi zai wakilce mu a Katsina. Ni na kai ɗalibata Sadiqa daga Batsari, yarinyar da iyayenta suka yi gudun hijira daga ƙauyen Ruma da kayan jikinsu kawai. Malam Labaran, tsohon malamin lissafi mai ji da kansa, shi ne alƙali. Ni ma ya koyar da ni, shi ya sa har yanzu kallon 'yar aji ɗaya yake yi mani.

A zagayen ƙarshe saura Sadiqa da wani ɗan Safana. Aka rubuta 10,001 a allo, aka ba su minti goma su faɗi ko akwai lambar da ke raba ta ba saura, ban da ɗaya da ita kanta. Yaron ya ɗan yi zane-zane ya ce babu. Sadiqa ta cika takarda gaba da baya, ta ce akwai, saba'in da uku.

Malam Labaran ko takardar bai kalla ba. Ya ce ta faɗi, yaron ne ya ci, ya sa hannu a sakamako.

Na miƙe na tambaye shi har ina ya gwada. Ya ce ya gwada biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya da sha uku, duk ba su shiga ba. Wato nan ya gaji ya aje alli, ya yanke wa lambar hukunci.

"Malam, kai ka koya mani ba a tsayawa sai an kai ƙarshe," na ce. "Ga allo. Saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai."

"Ke Nana Hadiza, mi kika sani? Ni za ki gwada gaban yara?"

Amma mutane sun zuba ido, dole ya karɓi allin. Ya yi layi na farko, ya yi na biyu, ya tara. Ga 10,001 nan ɓaro-ɓaro da rubutun hannunsa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sa hannun rigarsa ya goge, ya ce takarda ta riga ta sha sa hannu, hukuncin alƙali ba ya tashi. Sauran malaman duk suka sunkuyar da kai suna latsa waya. Na tsane su a ranar, su duka.

A motar komawa Sadiqa ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ninke takardarta ta riƙe. Muna cikin tafiya ta taɓa ni.

"Malama, in lambar nan ta fito a jarrabawa, wace amsa zan rubuta, tawa ko ta Malam?"