Ɗakin Naman Anti Rugaya

Jirgin ruwan ya juya wa ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya baya ya nufi Cape Town, hankalin kowa ya riga ya kai gida, sai na'urar da ke daskarar da kayan masu bincike ta mutu. Injiniyoyi suka kwance ta, suka leƙa, suka ce gyaranta sai an isa gari. To, ɗakin sanyi ɗaya ne ya rage a jirgin, shi ne na nama, mabuɗinsa kuwa yana rataye a wuyan Anti Rugaya Salie, shugabar madafa.

Anti Rugaya ta tsufa a kan tukunyar jirgi. A jirgin nan akwai Musulmin Cape Town da yawa cikin matuƙa, kuma duk shekara kafin a tashi ita da kanta take zuwa wurin mahauta ta ga yanka da idonta. Ta yi musu alkawari cewa abin da ya fito daga ɗakin nan halal ne, babu abin da ya taɓa shi. Saboda haka duk wanda ta miƙa wa kwano, bisimilla kawai yake yi. A wurinta wannan yardar ita ce aikin, girki bayanta yake.

Tana cikin yanka albasa Kyaftin Myburgh ya sauko madafa, bayansa Dakta Nomvuyo Dyantyi, wadda ta yi fiye da shekara a kan ƙanƙara tana nazarin tsuntsayen teku. Idanun Dakta sun yi ja. Kyaftin ya yi bayani a taƙaice, ya ce akwatunanta za su lalace in ba a sa su a ɗakin nama ba. Anti Rugaya ta tambayi abin da ke ciki. Dakta ta ce tsuntsaye ne da ta tsinta a mace, da hanjinsu, da kashinsu, amma kowanne an ɗaure shi a leda kan leda, ko wari ba ya fita.

"Wato mushe," in ji Anti Rugaya.

"Anti, a rufe suke ruf."

"'Yata, ko a cikin ƙarfe kika zuba shi, sunansa mushe. Ba zai kwana da naman mutane ba."

Kyaftin ya ce ai ba shawara ya zo nema ba, umarni ne. Ya ƙara da cewa ba sai matuƙa sun sani ba, a tura akwatunan can ƙurya a rufe da buhu. Wannan ce maganar da ta ɓata komai. Da bai faɗe ta ba, wataƙila da an sasanta cikin ruwan sanyi. Anti Rugaya ta ajiye wuƙa, ta cusa mabuɗin cikin rigarta, ta ce in yana so ya sa hannu ya ɗauka. Kyaftin ya gaya mata cewa wanda ya ƙi umarni a teku ba ya sake hawa jirgi. Ta ce ta san wannan tun yana ɗan makaranta.

Amma Anti Rugaya ba muguwa ba ce, kuma jajayen idanun Dakta sun tsaya mata a rai. Ta hau sama ta sami Taliep, babba a cikin matuƙa, tsohon abokin faɗanta, ta tambaye shi ko akwatunan za su jure a waje. Ya shaƙi iska, ya ce a yanzu dai sanyin waje ya fi na ɗakinta, amma kullum jirgi arewa yake yi, nan da 'yan kwanaki ƙanƙarar da ke kan igiyoyi za ta fara ɗiga. Ta ce ya isa. Ta aika wa Kyaftin cewa zai sami ɗakin, amma sai babu ko tsoka ɗaya a ciki. Zubarwa kuma ba ta taso ba, don dokar wannan ruwa ta hana a jefa ko ƙashin kaza. Sai dai a ci.

Nan fa aka shiga cin nama kamar an yi wa mutane hukunci. Da safe soyayyar hanta da tsiren kaza, da rana miyar rago da tumatir, da la'asar a kunna gawayi a filin saukar jirgi mai saukar ungulu a yi ta gashi, iska na kaɗa hayaƙi, maza na tsaye da safar hannu. Naman shanu kuwa ta sa aka yanka shi zara-zara, aka jiƙa da gishiri da ruwan tsami, aka rataye a lungun da ɗumin inji ke bi, har sai mutum ya sunkuya zai wuce. Masu digiri da masu goge bene duk ta ba su wuƙa. Dakta Nomvuyo ta fi kowa yanka, hannunta har ya yi kanta.

Da farko murna aka yi. Da aka kwana biyu sai fuskoki suka canza. Taliep ya turo kwanonsa gefe yana nishi.

"Haba Anti, kashe mu za ki yi? Wallahi ko tunkiya na gani a mafarki gudu zan yi."

"Ci, tsohon banza. Kai ne duk shekara kake cewa ina yi maka rowa."

"To na tuba."

"Tubarka ta zo a makare. Miƙo kwanon."

Ruwa ya fara ɗiga daga igiyoyi, teku ta tashi, jirgi na tangaɗi har tukwane sai an ɗaure su a kan murhu. Dakta tana ta zarya tsakanin akwatunanta da madafa, tana duban Anti Rugaya. Kyaftin ya sake saukowa, da injiniya riƙe da abin yanka kwaɗo. Anti Rugaya ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ƙafafunta a kumbure don tsayuwa, ta ce saura cinyoyin rago kaɗan, kuma wanda zai yanka kwaɗon nan sai ya fara ture tsohuwa a gaban mutane. Injiniyan ya dubi ƙasa, don shi ma daga hannunta yake ci. Babu wanda ya ture ta. Ta buɗe ƙofar da kanta, matuƙa suka yi layi suka kwashe ragowar zuwa tukunya, ta nuna wa kowa cewa wayam yake, sannan ta ce a shigo da akwatunan. Dakta ta buɗe na sama ta taɓa. Yana nan da ƙarfinsa kamar dutse. Ta kama hannun Anti Rugaya za ta yi godiya, ita kuwa ta ce ta je ta wanke hannu tukuna.

Sauran tafiyar wake da kifin gwangwani aka ci, sai busasshen naman da ake gutsira ana tsaki. Mutum biyu suka kwanta da ciwon ciki. Masu gunaguni suka yi ta yi, har da waɗanda aka yi abin dominsu, don ɗan Adam ba ya riƙe alheri in cikinsa na ƙugi.

Ranar da aka hango dutsen Cape Town, kowa ya ruga sama, ita tana ƙasa tana tuƙa tukunya. Kyaftin ya zo ya tsaya a ƙofa. Ya ce ya gaya wa ofis abin da ya faru, yadda ya faru, bai rage ba bai ƙara ba, kuma sun ce baɗi wani za su ɗauka. Ya ce da ta ba shi haƙuri a gaban mutane, da ya san yadda zai yi.

"Haƙurin me, Kyaftin? Tsuntsayenta sun iso, mutanena ba su ci ƙazanta ba. In wannan ne laifin, gobe ma sai in ƙara."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗauko tukunyar da hannu biyu, ta ce ya matsa mata daga hanya, mutane na jiran abinci.