Kebul Mai Shiga Ɗakin Baba

Duk Unguwar Shanu ni kaɗai ce ke murna idan an ɗauke wuta. Maƙwabta na tsaki suna laluben mafici, ni kuwa ina hamdala, don a lokacin ne kawai netwok ɗin gidanmu yake tafiya kamar na mutane.

Aikina koyar da Hausa ne ta bidiyo. Ɗalibaina 'ya'yan mutanenmu ne da aka haifa a Ingila, ko "sannu" ba sa iya faɗa sai sun murɗe baki. Hajiya Amina ce ta fara ba ni nata, ita ce kuma ta jawo min sauran iyayen, saboda haka in ta janye kowa ya janye. Bayan la'asar muke zama, sun dawo daga makaranta ke nan.

Tun bayan ƙaramar salla abin ya lalace. Ina tsakiyar magana sai hotona ya daskare, baki a wangame, yaran su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ni kuma ba abin da nake sai "Kuna jina? Kuna jina?" har muryata ta dushe. Ran nan Hajiya ta kira ni.

"Malama Harira, ba wai wani abu ba," in ji ta, "amma yaran ba sa ƙaruwa. In ajin gobe ma haka ya kasance, sai dai ki yi haƙuri mu nemi wata."

Cikin mutunci ta faɗa, kuma shi ya fi min ciwo. Da zagina ta yi da na samu abin ramawa.

Ba wai zaman banza muka yi ba. Maigidana Ubaidullah, da ke aikin walda a Mando, ya fara ɗora laifin a kan kamfani. Suka ce su a wajensu lafiya lau, data ma tana zuba a gidanmu kamar an bar famfo a buɗe. Sai ya koma kan maƙwabta, ya rantse wani ne ya saci fasawod. Ya canza, ya sake canzawa, har ni ma na daina riƙewa. Rawutar nan kuwa, wato akwatin da ke raba mana netwok, ba inda ba ta zauna ba: kan firij, bakin taga, saman wadirof. Duk a banza. Da an kawo wuta sai ta koma ja da ciki, da an ɗauke sai ta miƙe, tunda tana da ɗan batirinta. Ubaidullah ya ce ƙila wutar ce ta yi mata ƙarfi. Na ce masa walda ce ya iya, ya bar nan.

Washegari, don tsabar rashin sa'a, wuta ta zauna daram tun safe. Wutar da sai bayan azahar aka saba kawowa! Na idar da sallar la'asar, na kashe wayata, na rufe laftof, na zauna gaban rawutar ina hararar ta. Babu na'urar da ke jone da ita yanzu, amma wata 'yar fitila koriya a gefe sai ƙyaftawa take ba hutu. Na juya bayanta. Sai ga wani shuɗin kebul a soke, wanda kullum nake ɗauka nata ne na dole, duk inda aka kai ta Ubaidullah yakan jawo shi ya mayar.

Na bi shi. Ya fita ta taga, ya bi ƙarƙashin kwano an kafe shi da ƙananan ƙusoshi, ya wuce bayan kicin, ya shige tagar ɗakin Baba, mahaifin Ubaidullah.

Na kunna waya na kira shi.

"Baban Nafisa, wane kebul ne wannan mai shiga ɗakin Baba?"

"Au! Na kwamfutarsa ne. Wata tsohuwa ce na samo masa, ba ta kama wayifai, shi ne na ja mata kebul. Harami nake sa masa kai tsaye daga Makka. Na saita ta, da an kawo wuta take tashi da kanta ta buɗe, kar ya wahala."

"Da an kawo wuta," na ce.

Ina jin ƙarar injin nasu a bayansa.

"Amma ai kashewa yake yi. Kin taɓa jin sautinta?"

"Da me yake kashewa?"

"Da maɓallin jikin allon..." Sai ya ja salati. Allon kawai Baba ke kashewa. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur yana nan yana jan bidiyo mai nauyi daga Makka wuni guda, kuma da yake kebul ne, shi yake fara kwasa, mu masu wayifai mu samu ragowa. Duk binciken da Ubaidullah ya yi, wayoyi yake nema, bai taɓa tuna abin da ya kafa da hannunsa ba.

"Ki shiga ki kashe ta," in ji shi.

"Ni? Ɗakin Baba? Kana lafiya kuwa?"

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallaka dokin ƙofarsa ba. Daga waje nake durƙusawa in gaishe shi, in ajiye kwano, in tashi. Yau kuma in kutsa in ce masa ɗakinsa ne ke cin aikina?

"To zare kebul ɗin ta bayan rawutar. Allon a kashe yake, ba zai ma sani ba."

Lokaci ya yi, na buɗe laftof, yaran sun fara shigowa ajin. Na sa hannu na zare. 'Yar fitilar ta mutu.

Wallahi ban taɓa yin aji irin na ranar ba. Hoto tas, murya tas, har ƙaramar cikinsu ta iya cewa "ƙwarya" daidai. Muna gamawa Hajiya ta leƙo ta bidiyon ta ce, "Yau kam alhamdulillahi, Malama. A ci gaba haka." Na rufe laftof ina jin kamar in yi guɗa.

Da na fito tsakar gida sai na tarar da Baba zaune a bakin ƙofarsa, sandarsa a gefe, abin da bai saba yi ba sai bayan magariba. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

"Harira, an ɗauke wuta ne? Ga fanka na juyawa, amma karatu ya tsaya."

Na ɗago kai.

"Baba, dama ji kake yi?"

"Kullum. Allon ne ba ya min amfani, idon ya tafi. Murya kuma na rage ta tun da na ji kin fara karantar da yaran nan, nakan sa kunne a jikin lasifikar. Kar hayaniyata ta shiga miki aiki."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Zan iya cewa netwok ne, ba wanda zai ƙaryata ni. Amma gobe ma akwai aji, jibi ma haka. Na sunkuyar da kai na gaya masa komai, ni na zare, ga dalili, ga abin da Hajiya ta ce. Maganar da ta fi kowacce tsawo tsakanina da shi ke nan.

Ya jinjina kai.

"Ashe ni ne," ya ce. "To ki riƙa zarewa duk za ki fara, aikinki ne. Abu ɗaya kawai. Ki ɗan ƙwanƙwasa min ƙofa tukun, ki jira in amsa. Yau a tsakiyar aya kika yanke karatun."