Tabon da Ba Ya Jin Auduga

"Umma, wa ya cinye wa baban nan yatsu?"

Aku ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara biyar, wadda surutu ya jawo mata wannan suna. Muna zaune a kan benci a barandar asibitin mishan, wani dattijo kuma yana gefenmu yana haɗa wa majinyata takalma masu taushi. Na ji kamar in nutse. Na damƙe hannunta.

"Ƙyale ta, 'yata," in ji shi. Ya ɗaga hannun, duk dungu ne sai babban yatsa. "Jikanya, ba wanda ya ci. Zuwa ne ban yi da wuri ba. Ke fa, takalmi kika zo saye?"

"Tabo gare ni a hannu."

"To, kin fi ni wayo."

A wajen wanka na fara ganin tabon, fari-fari a damtsenta, bai wuce murfin kwalba ba. Surukata ta ce ƙyasbi ne, a shafa mai. Na yi ta shafawa. Ranar da tartsatsin garwashi ya faɗa daidai wurin, ya huda riga, yarinya kuwa ta ci gaba da wasanta, ranar na gane ba ƙyasbi ba ne. Babanta ya ce idan na kai ta wurin kutare mutane za su gan mu. Na ce su gani.

Da aka kira mu, muka sami Sista, dattijuwa mai tabarau, a wani ɗaki mai gado ɗaya da gicciye a bango. Ta yago auduga, ta murza bakinta ya yi tsini.

"Wasa za mu yi, 'yan mata. Rufe ido. Duk inda na taɓa, ki nuna mini da yatsa."

Ta taɓa goshi, Aku ta nuna. Ta taɓa tafin hannu, ta nuna. Ta taɓa tsakiyar tabon, nan ma ta nuna. Sista ta sake, ta sake nunawa daidai.

"Madalla," in ji Sista, tana shirin ajiye audugar.

Ita tana sunkuye, fata take kallo. Ni kuwa fuskar Aku nake kallo, kuma na san wannan rufe idon. Shi take yi mini idan na ce a yi barcin rana: gashin ido na rawa, ƙasansa a buɗe kaɗan. Da na yi shiru, da mun koma gida na ce wa kowa ƙyasbi ne. Amma na daure na ce:

"Sista, leƙe take yi."

"Umma, kin tona ni."

"Na tona ki. Zo nan."

Na cire ɗankwalina na ɗaure mata ido. Sista ta ɗora audugar a kan tabon, ta ja ta a hankali, ta sake ja. Aku ta karkata kai.

"Sista, ki fara mana."

Hawaye suka zubo mini, na haɗiye kukan don kada ta ji. Sista ta lalluba mata gwiwar hannu, ta sa ta matse mata yatsu, ta duba tafin ƙafa, sannan ta jawo kujera kusa da ni.

"Cutar ce, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ta taɓa yatsa ko ɗaya ba, kuma da yardar Ubangiji ba za ta taɓa ba. Magani ne na 'yan watanni, kullum, ba fashi. Za ta ci abinci da kowa, ta kwana a jikinki. Kin yarda in yi mata addu'a?"

Na ce na yarda. Ta dafa kan Aku da hannunta ba safa, ta yi gajeriyar addu'a, Aku na tambaya ko ta ci wasan.

Yanzu tabon ya fara dushewa. Surukata ce ke riƙe da maganin, kowace safiya kafin in tashi ta riga ta ba ta, sannan ta zo ta tambaye ni ko na manta. Baban Aku ne ya kai ta asibitin wancan watan, da ƙafarsa.

Ke da kike karanta wannan, idan kin ga tabo a jikin ɗanki wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin zafi, kada ki rufe shi da doguwar riga. Ki kai shi a duba. Kuma idan ana gwada shi, ki tsaya ta gabansa ki sa masa ido, domin yaro zai yi komai don ya ga kin yi murmushi.