Golan Da Ba Ya Durƙusawa

Gwiwata ta hagu ba ta lanƙwashewa. Takan ɗan soma, sai ta ƙi. Haka take tun ranar da mota ta kwashe ni a unguwar Safa ina kan dabbab, babur ɗin da nake kai wa mutane abinci da shi. Likita ya sa ƙarfe, ya ce in gode wa Allah. Na gode. Amma a kan kujera nake sallah, a gefen sahu, tare da tsofaffi.

Kafin haɗarin ni gola ne. Akwai filin ƙanƙara a cikin wani mol, katafaren ginin kantuna, a arewacin Jidda, can ake buga hoki safiyar Juma'a kafin jama'a su cika. Takalmi mai wuƙa a ƙasa, sanda mai lanƙwasa, da ɗan faifan roba baƙi mai tauri kamar dutse, shi ne ƙwallon. Odar abinci na kai wata rana na tsaya kallo. Ba su da wanda zai tsaya a raga, aka ce in gwada. Na gwada, na zauna. Tun da na gama sakandare babu inda aka taɓa nemana in ban zo ba sai can.

Da na ajiye sandar guragu na koma. Kabtin Abdulelah, mai horar da mu, ya rungume ni, sannan ya kalli ƙafar. A Kanada ya yi karatu, ba ya kwana-kwana.

"Ya Badaru, durƙusa in gani."

Na gwada. Ƙafar dama ta sauka, ta hagu ta miƙe gefe kamar itace.

"Golan yanzu a ƙasa yake rayuwa," in ji shi. "Gwiwa biyu a kan ƙanƙara, ka toshe ƙasa gaba ɗaya. Bilal ya iya. Shi na sa a wurinka."

"Na gani."

"Ƙungiyar Riyad za ta zo ƙarshen wata. Gola biyu zan ɗauka. Ka zo gwaji in kana so, ba na hana ka. Amma na faɗa maka gaskiya."

Na ce halas, shi ke nan. Na koma gida unguwar Sa'alaba, na cusa jakar kayan a ƙarƙashin gado.

Tahani ƙanwata ce, tana ajin ƙarshe. Ta fi ni Turanci nesa, Hausarta kuwa rabi Larabci. Wata la'asar ta shigo ɗakina ba sallama, waya a hannu.

"Yaya, shuf. Kalli kakanka."

Hoto ne baƙi da fari. Wani Bature mai gashin baki, da hular sanyi, fuska a buɗe, yana tsaye cir a gaban raga, ƙafafu a haɗe.

"Fita min."

"Wallahi ba na fita. Atisayen gwiwa nake nema maka na faɗa kan wannan. Ka san inda aka fara biyan mutane su buga abin nan naku? Garuruwan masu haƙar tagulla a Amurka, a 1904. Aka ɗebo 'yan wasa daga Kanada. Bakwai-bakwai suke bugawa, ba ma shida irin naku ba."

"To sai me?"

"Sai ka saurara, ya akhi. A zamaninsu haramun ne gola ya durƙusa. Doka ce. In ya faɗi ƙasa don ya tare, a ci shi tara. Sai wajen 1918 aka cire."

Na tashi zaune.

"Akwai ma wani mai wayo," ta ce, tana dariya tun kafin ta faɗa. "Sai ya zube kan gwiwa kamar tsautsayi ne, har 'yan kallo suka riƙa yi masa tsiya wai addu'a yake. Kai kuwa ko a masallaci ba ka durƙusawa. Da a lokacinsu kake, alƙalin wasa ba zai taɓa kama ka ba."

Na jefe ta da filo. Sannan na ce ta ba ni wayar.

Na daɗe ina kallonsu. Babu hular kwano, babu abin kare fuska. Abin da suke ɗaurawa a ƙafa ma daga wasan kurket suka aro. Tahani tana karantawa tana fassara mini, inda Hausa ta ƙare mata ta ci gaba da Larabci. Abin da na tsinta kaɗan ne. Tunda ba ka da izinin faɗuwa, ba ka jira a cikin raga. Fitowa kake ka tari mai bugu, har jikinka ya rufe masa ganin ragar. Ƙafafu a haɗe. Sanda a manne da ƙanƙara, kada ta ɗaga. In ya buga gefe, ka shure da ƙafa.

Ƙafata ba ta lanƙwashewa, amma tana shuri.

A saman gidanmu muka fara. Raga ita ce tsakanin tankin ruwa da tsohon injin wanki. Tahani ta watsa ruwan sabulu a tayil don ya yi santsi, ta tara murafan kwalaben zaitun, ta ɗauko sandar goge ƙasa. Kullum bayan la'asar, in na dawo daga aiki.

"Yalla, ya 1904! Fito waje!"

"Na fito."

"Ka ɗaga sanda. Tara! Na ci ka tara!"

"Wa ya naɗa ki alƙali?"

"Ni na gano dokar, ni ce alƙali."

Umma ta hau ta same mu jiƙe, ta ce sabulun nan ba daga sama yake zubowa ba, kuma in na sake karya ƙafa ita ba za ta kwana a asibiti ba. Ta sauka. Washegari na ga ta bar mana wani murfi babba a bakin matattakala, na kwalbar zuma.

Ranar gwaji Tahani ta ce za ta bi ni. Na ce a'a. Ta biyo ni, ta zauna a bayan gilashi da abayarta, tana karkarwar sanyi.

Bilal ya fara. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yana zubewa yana tashi kamar roba. Akwai wani yaron ma, ɗan Labanan, shi ma yana neman gurbin na biyu. Bai kai Bilal ba, amma gwiwoyinsa lafiya lau.

Aka kira ni. Na tsaya, na haɗe ƙafafu, na matso gaba.

"Ina za ka, Badaru?" wani ya yi ihu. "Raga tana bayanka!"

Na farko ya taho, ya ɗaga kai, bai ga inda zai sa ba, ya buga mini a ƙirji. Na biyu ya nemi gefe, na shure. Ƙarar faifan a jikin katanga har cikin haƙorana. Na uku ya gane. Ya yi kamar zai buga, ya ja gefe, ya zura ta ƙasa ta hagu inda ba na isa. Aka sake yi mini haka, aka kuma sakewa. Amma duk wanda ya ɗaga faifan sama, inda suka saba cin golan da ya riga ya zube, sai ya tarar ina nan tsaye.

Kabtin ya busa. Ya taho a hankali, yana kallona kamar bai san ni ba.

"Wa ya koya maka wannan?"

Na nuna gilashi. Tahani ta ɗaga hannu.

"Ita?"

"Ita da wasu masu haƙar tagulla."

"Ba su ke haƙar ba, Yaya!" ta yi ihu ta saman gilashin. "A garinsu dai ake bugawa!"

Kabtin ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Sannan ya daina.

"Ka makara da shekara ɗari, ya Badaru. Ƙasa ta hagu a buɗe take, makaho ma zai gani. In suka gano, sun gama da kai."

Na fara cire safar hannu.

"Amma kafin su gano an ci lokaci. 'Yan Riyad duk sama suke bugawa. Bilal zai fara. In ya gaji a zango na uku, kai ne. Zan sa mai tsaron baya ya riƙe maka hagu. Kada ka makara ranar."

Na ce to. Na sunkuya kamar ina gyara igiyar takalmi.

Kafin in fita na ɗauki faifan da na shure, na tambayi Kabtin, ya ce in tafi da shi. A cikin tasi na miƙa wa Tahani. Da sauran sanyinsa.

"Mene ne wannan? Roba?"

"Riƙe dai."

"Ko shawarma babu? Marra bakhil, marowaci na gaske."

Amma ba ta mayar mini ba. Ta juya shi a hannu, ta ce ta karanta cewa daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya yi tsalle. Da muka isa gida ta naɗe shi a leda ta sa a firiza, kusa da naman Umma.

Na tafi Juma'a. Na ja kujerata zuwa gefen sahu, tsakanin tsofaffin nan biyu da muka saba. Ɗaya ya tambaye ni ya ƙafa. Na ce Alhamdulillahi, kuma a ranar har cikin raina na faɗa.