Ranar da Botilda Ta Iya Karatu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Daga baya na ga in na kira yarinyar Botilda, kamar wata ce can daban, hannuna zai iya tafiya.

Kowace kaka, in an gama tonon dankali, Fasto Vikstrand yakan bi gidaje yana yi wa mutane jarrabawar addini. Sarki ne ya ɗora masa, don haka ba mai ƙin zuwa. A shekarar nan gidan Truls manomi aka taru, inda Botilda take aikatau. Masu gonaki a bencin gaba, barori a baya, ƙamshin naman alade yana ta fitowa daga madafa saboda walimar da za a yi in an gama.

Botilda ta tsani wannan rana. Bara da aka miƙa mata littafi ta yi ta in'ina, har Fasto ya ce akuyar Truls ma za ta fi ta. Amma tun lokacin sanyi take zuwa wurin Gwaggo Pernilla, ƙanwar babanta. Kowace Lahadi da yamma mutum bakwai ko takwas sukan zauna a madafar Gwaggo, su karanta Littafi Mai Tsarki bi da bi, su yi addu'a ba tare da fasto ba. Doka ta hana wannan. Sau biyu ana kama Gwaggo, na uku kuwa kora ce daga ƙasar Suwidin har shekara biyu. Ita ko a jikinta. Takan ce a gaban Allah, sarki da mai tatsar saniya a daɓe ɗaya suke tsaye, babu tsani tsakaninsu.

Fasto ya fara da tsoho Ola mai gyaran takalma.

"Ola, dokokin Allah nawa ne?"

"Bara dai goma ne, ranka ya daɗe, sai in sarki ya ƙara."

Aka yi dariya, har Fasto ya murmusa. Ya bi layi har ya iso baya.

"To, ga gwanarmu. A ba ta littafi, mu kuma Allah ya ba mu haƙuri."

Botilda ta miƙe ta karɓi littafin. Ta duba shafin, sai ta ga wuri ne da ta sani. Ta fara a hankali, muryarta ta zauna, ta karanta har ƙasan shafi ba ta yi tuntuɓe ba. Matar Truls ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Ikon Allah!" in ji Ola. "Akuya ta sha kashi."

Fasto ya cire tabarau. "Madalla, 'yata. Ban ji mai karatu kamarki ba yau. Wa ya koya miki?"

Tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa yabonta a gaban jama'a. Daɗi ya cika mata ciki, bakinta ya riga hankalinta.

"A wurin Gwaggo ne. Duk Lahadi muna yi, kowa ya karanta nasa, sai mu..."

Ta katse maganar, amma an riga an ji. Gwaggo Pernilla tana benci na uku, hannuwanta a kan cinya, ba ta ko juyo ba.

"Ku su wa?" Fasto ya tambaya a hankali. Bai jira amsa ba ya ce, "Bar shi. Amsa mini wannan kawai. Wa Allah ya naɗa ya tsare addini a ƙasar nan?"

"Sarki, ranka ya daɗe."

"A ƙarƙashinsa fa?"

"Fasto."

"Gwaggonki ta ce ba haka ba ne, na sha ji. Ke kin yarda da ita?"

Idon Truls yana kanta. Ba ya ajiye barar da ta yi wa fasto tsaurin ido, kuma ba gidan da zai ɗauke ta ba tare da takardar shaidar hali daga Fasto ba.

"A'a," ta ce. "Ni kaɗin ulu nake zuwa taya ta. Dama a gida an ce kanta ba daidai yake ba."

Wani ya yi dariya a baya. Babu wanda ya taɓa faɗin haka a gidansu. Nan take ta ƙaga shi.

A wurin walima Botilda ce take zagayawa da kwano. Ta ji Fasto yana gaya wa Truls cewa yau ɗin nan zai aika wa jami'in gunduma takardar ƙara a kan Gwaggo. Da ta iso kan Gwaggo, ludayin ya karkace, romo ya zuba a tebur. Gwaggo ta sa tsumma ta goge.

"Kin yi karatu mai kyau," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sai dai kina gudu a ƙarshen layi. Zuba wa Ola, yunwa yake ji."

Da ma zaginta ta yi.

Washegari, bayan ta gama tatsa, Botilda ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Fasto, don ta ce masa ƙarya ta yi, ita ma a rubuta sunanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba, har yatsun ƙafarta suka sandare don sanyi. Mai aikin gidan ta leƙo ta ce, "Ke, lafiya?" Botilda ta ce lafiya lau, hanya ce ta biyo da ita.

Ta gangara gidan Gwaggo. Ta tarar da ita ta jawo akwatin tafiya tsakar ɗaki, tana ɗinke hannun tsohuwar rigar sanyi. Botilda ta zauna a ƙasa, ta ja ɗaya hannun rigar, ta nemi allura.