Sunan Dangi a Gaba

Kwana uku Malama tana hawa da sauka a ɗakin karatun jami'a, har ƙafafunta suka kumbura. Kwamitin ƙarin girma ya ce tsohon littafin tarihin Hungary da ta kafa hujja da shi a bincikenta babu shi a ko'ina. Ta kuma gane abin da ba su furta ba: ƙirƙiro shi ta yi. Ita kuwa da hannunta ta juya shafukansa shekara tara da suka wuce.

Rana ta huɗu ta je wurin tsohon ma'aikacin da ɗalibai ke kira Baba Kati, don har yau ya fi yarda da akwatin katunansa na sunayen littattafai a kan kwamfuta.

"Baba, ko dai haukacewa na yi?"

Ya daɗe yana kallon sunan marubucin a takardarta. "'Yata, mutanen Hungary sunan dangi suke sawa a gaba, na yanka a baya. Wanda bai sani ba sai ya juya sunan, ya jera littafin inda ba wurinsa ba."

Ya ja ta can kantar ƙarshe, ya durƙusa da ƙyar, ya zaro wani littafi mai koren bango. Malama ta rungume littafin, ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba.

"Wane sakarai ne ya jera shi a nan, Baba?"

Ya gyara tabarau, ya duba rubutun hannun da ke jikin bangon.

"Sakaran ya tsufa, 'yata. Ga shi durƙushe a gabanki."